Baba ya tuƙa jirgin bam a yaƙin duniya na biyu, mindarsa bata fito ba, za a iya nemo masa yanzu?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayarki ta faɗo daidai kan aikina, don na daɗe ina taya tsofaffin sojoji da iyalansu haɗa irin waɗannan takardu a nan Amurka, shi yasa amsar zata ɗan yi tsawo, kiyi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Bari in maimaita abinda kika faɗa saboda masu bin mu. Kina aikin kula da wani dattijo a gidansa, shekararsa 102, matuƙin B-24 ne da ya riƙa tashi daga Italiya a 1944. Yace miki akwai ranar da igwa ta kashe masa inji biyu cikin huɗu, ya lallaɓo jirgin a haka ya dawo da yaransa gida, kwamandansu ya ce masa baki da baki an sa sunansa a bashi lambar Distinguished Flying Cross, wacce suke cewa DFC, amma har aka sallame shi shiru kake ji. Takardar sallamarsa Air Medal kawai ta nuna, lambar yabo ce da bata kai DFC ba. 'Yarsa taji ance akwai hukumar da ke gyara takardun soja, ke kuma kina so ki sani ko gaskiya ne, kuma ta ina ake farawa.

Eh gaskiya ne, akwai ta, kuma ƙofa bata rufe ba. Amma tun yanzu ki riƙe wannan, ki kuma faɗa ma 'yar tasa a tsanake: hukumar nan ba jarumtar Baba take aunawa ba, takarda take aunawa. Babu wanda zai zauna a can yace ƙarya yake yi. Abinda zasu ce kawai shine ina shaida. A wurinsu duk abinda ke rubuce a fayil ɗin gwamnati daidai ne har sai ka kawo abinda ya fi shi nauyi, kuma kai mai nema kai ne da ɗaukar wannan kayan, ba zasu je su tono maka komai ba. Na sha ganin iyali sun cika fom cikin zumuɗi, sun haɗa da wasiƙa mai sa kuka shafi huɗu, bayan shekara amsa ta dawo da layi ɗaya cewa babu isasshiyar hujja. Wallahi abin yana min ciwo duk lokacin da na gani, domin sau da yawa hujjar tana nan kwance a wani akwati, ba a dai nema ba ne.

Toh kafin a taɓa fom ko ɗaya sai an gano a ina maganar Baba ta maƙale. Lamba irin wannan a wancan lokacin hanyarta itace: wani hafsa a sama da shi ya rubuta shawarar a bashi, takardar ta hau daga ƙaramar rundunarsa zuwa babba har hedikwatar runduna ta 15 da ke Bari a kudancin Italiya, in sun amince sai a fitar da oda mai lamba da kwanan wata, sunansa a ciki tare da na wasu. Wannan odar itace lambar a hukumance, ƙarfen da ake maƙalawa a ƙirji ado ne ya biyo baya. Kinga kenan ko dai odar ta fita shi bai sani ba, ko an rubuta shawarar ta ɓace a hanya ko an ƙi ta a sama, ko kuma kwamandan ya faɗa ne da baki bai taɓa zama ya rubuta ba. Kowanne da maganinsa daban.

Na farkon shi nake ma kowa fata, kuma yana faruwa fiye da yadda mutane ke zato. Matuƙi ya gama sawunsa, an sa shi a jirgin ruwa ya kama hanyar gida, odar ta fito bayan sati uku yana tsakiyar teku, akawun da ya buga masa takardar sallama a 1945 kuma yana da ɗaruruwan mutane a layi kowa na son tafiya gida, abinda ya gani a gabansa shi ya buga. In haka ne ba ma sai anje gaban hukuma ba, ofishin ma'aikatan sojan sama da ke Randolph a San Antonio ta jihar Texas zai iya gyarawa ya aiko da mindar. Kuma akwai hanyar dubawa da wuri: ma'ajiyar tarihi ta ƙasar tana da katunan lambobin yabo na sojan sama na 1942 zuwa 1963, ƙananan katuna ne kowanne da sunan mutum, lambarsa ta soja, lambar odar da shekararta. An ɗora hotunansu da yawa a intanet kyauta. Na taɓa zama da wata dattijuwa a teburin kicin ɗinta muna bin katunan nan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, sunan mahaifinta irin sunan da ya cika gari ne, mun wuce mutum kusan goma masu irinsa, sai ga lambar sojansa ta fito daidai, bugun tafireta duk ya karkace. Ta ɗora yatsa akan gilashin ta kasa magana. Shekara saba'in da wani abu gidan suna ɗauka tatsuniyar tsoho ce. Don haka ki fara samo lambarsa ta soja, tana jikin takardar sallama, ta hafsoshi tana farawa da harafin O.

Takardar sallamar ma ki duba ta da kyau. DD-214, fom ɗin sallamar soja da kowa ya sani a nan, sai 1950 aka fara ta, mutanen yaƙin duniya nasu fom ɗin WD AGO ne, hafsoshi yawanci 53-98, ƙananan sojoji 53-55. Sau da yawa a gefen sunan lambar zaki ga an rubuta GO da wasu lambobi, to lambar odar kenan, ki kwafe su duka.

Sai maganar gobara, wadda dole zaku ci karo da ita. Ranar 12 ga Yuli 1973 wuta ta kama hawa na shida na ginin da ake ajiye fayilolin sojoji a St. Louis ta jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, babu kwafi a ko'ina. Na sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 kusan kashi 80 cikin ɗari sun tafi. Kuma Baba a takarda sojan ƙasa ne fa, domin sojan sama basu zama runduna mai cin gashin kanta ba sai Satumba 1947, in an sallame shi a 1945 fayil ɗinsa yana cikin waɗancan. Duk da haka ku nema, da fom SF-180 ko ta shafinsu, domin an tsamo miliyoyin fayiloli daga cikin toka da ruwa, nakan ga kwafi ya zo gefensa baƙi ƙirin da ƙuna amma tsakiyar ana karantawa. In suka ce ya ƙone kar gwiwa tayi sanyi. Fayil ɗin mutum ne ya ƙone, na runduna bai ƙone ba, don ba a ginin yake ba. Tarihin kowace runduna wata-wata, da odojin da aka fitar, suna cibiyar binciken tarihin sojan sama a sansanin Maxwell da ke Montgomery ta jihar Alabama. Rahoton kowane sawu kuma, wa ya tashi, a wane jirgi, me ya same shi, a ina ya sauka, yana ma'ajiyar College Park a Maryland. Ga kuma ƙungiyoyin tsofaffin rundunonin, yanzu 'ya'ya da jikoki ke riƙe dasu, wasu sun kwafe takardun nan kaf suna bayarwa kyauta in ka tambaya cikin ladabi. Kar a manta da gida ma: akwatin Baba, littafin sa'o'in tashinsa da suke kira Form 5, wasiƙun da ya aiko ma iyayensa, jaridar garinsu ta lokacin, domin sojoji sun riƙa aika ma ƙananan jaridu labarin duk yaron gari da ya samu lamba.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa rami. Da yawa suna zuwa da cewa ai na cika sawu kaza, wane da muka tashi tare an bashi, nima a bani. Asalin wannan magana gaskiya ce. A farkon yaƙin, musamman runduna ta 8 da ke Ingila, Air Medal sawu biyar ne, DFC kuma in ka cika 25, saboda a lokacin cika 25 ɗin ma ba ƙaramin abu bane, ki duba harin garin Schweinfurt a Jamus na 14 ga Oktoba 1943, jirage 291 suka tashi 60 basu dawo ba, kowanne da mutum goma a ciki. Amma a Agusta 1943 Janar Arnold, shugaban sojan saman gaba ɗaya, ya bada umarnin a daina bada lambar akan ƙirga kawai. Wasu rundunonin sun ɗan ci gaba da tsohon tsari na wani lokaci, wasu sun daina, shi yasa mutum biyu masu aiki iri ɗaya, ɗaya na da ita ɗaya babu. A Italiya ma ƙirgar tasu daban ce, akwai lokacin da wuri mai nisa da haɗari ake lissafa shi sawu biyu. Hukumar ta san duk wannan tarihin, kuma in hujjarka ƙirga ce kaɗai a 1944, sai ka nuna rubutacciyar dokar rundunarka ta wannan watan, in ba haka ba zasu ƙi. Sa'ar da Baba yayi itace maganarsa ba ta ƙirga bace, ta rana ɗaya ce takamaimai, kuma irin wannan aikin an bada DFC akansa. George McGovern, wanda yayi takarar shugaban ƙasa a 1972, shima B-24 ya tuƙa daga Italiya, kuma tashi lambar tana da alaƙa da ranar da ya sauke jirgi mai rauni a ɗan gajeren fili na tsibirin Vis da ke tekun Adriatic a Disamba 1944. To aikinku shine ku kama ranar Baba da hannu: kwanan wata, garin da suka je jefa bam, lambar jirgin, sunayen mutum tara da ke tare da shi, da rahoton da ya nuna jirgin ya dawo da inji biyu.

Anan ne ke kika fi kowa amfani, har kin fi lauya. Kece kike tare da shi da safe lokacin da kansa yake garau. Da izininsa da na 'yarsa, ki kunna rikoda a waya ki barshi yayi magana, kar ki saka masa kalma a baki, kar ki ce "ba ranar kaza bane?", ki tambaya kawai: Baba ina kuka je ranar, waye mataimakinka, wa yace maka an rubuta sunanka, a ina kuke tsaye da ya faɗa. Tsoho zai iya manta abinda yaci jiya amma ya kawo miki sunan mai bindigar wutsiyar jirginsa da garinsu. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffinmu 'yan Boma a gida ya san haka suke. In an rubuta bayanin sai ya sa hannu gaban mai hatimin rantsuwa. Dan Allah wannan kar ya wuce satin nan, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma shekara 102 ba wasa ba. Abinda bai tuna ba a barshi babu, kar a cike gurbi don labari yayi daɗi, kuskure ɗaya in ya saɓa da rahoton runduna sai ya jawo shakku akan sauran gaskiyar duka.

In bincike ya nuna odar bata fita ba, to hanya ta ɗan yi tsawo. Wa'adin gabatar da sunan mutum don lambobin yaƙin duniya ya ƙare tun 1951. Amma a dokar kasafin tsaro ta 1996 majalisa ta buɗe wata kafa, wadda ta zama sashe na 1130 a kundin dokokin soja na ƙasar (Title 10), wanda yace in ɗan majalisar tarayya ya miƙa buƙata dole rundunar ta duba cancantar maganar komai daɗewarta. Ba sai kun san kowa ba, kowane ɗan majalisa yana da ma'aikaci a ofishinsa na mazaɓa da aikinsa kenan, 'yar ta kira ofishin na yankinsu, zasu bata takardar izini Baba ya sa hannu. Ɗan majalisa miƙawa kawai yake yi fa, ba shi ke bayarwa ba. Abinda ake so a cikin kunshin: shawarar bada lambar da wani ya sa ma hannu, ba Baba da kansa ba don mutum baya gabatar da kansa, anfi son wanda yake sama da shi a lokacin ko wanda ya gani da idonsa, sai cikakken bayanin abinda ya faru, da rantsuwar shaidun gani da ido, da bayanin cewa kwamandojin sun rasu in sun rasu. Nasan abinda zaki ce, duk sun mutu. Wannan shine babban dutsen da ke gaban duk mai irin wannan nema a yau, bazan ɓoye miki ba. Shi yasa ake bin 'ya'yan yaran jirgin. Wani ya bar littafin da yake rubuta abinda ya faru kullum, wani ya rubuto ma matarsa cewa yau matuƙinmu ya cece mu, wani anyi hira dashi an naɗa kafin ya rasu, ɗakin karatu na majalisar ƙasar yana da dubban irin waɗannan hirarrakin. Rubutun da akayi a 1944 da ba don neman komai akayi shi ba, yafi rantsuwa goma ta yau ƙarfi a idon masu dubawa.

Sai in wannan ya ƙi ne ake zuwa hukumar gyaran takardun ta sojan sama, AFBCMR, da ke sansanin Andrews a Maryland, domin ƙa'idarsu sai ka gama bin sauran ƙofofi. Su ke karɓar na mutanen sama na yaƙin duniya duk da a lokacin ƙarƙashin sojan ƙasa suke. Fom ɗin DD 149 ne, kyauta ne, ba dole sai da lauya ba, ƙungiyoyin 'yan mazan jiya irin su American Legion da VFW suna taimakawa ba ko sisi. Doka tace a kawo ƙara cikin shekara uku da gano kuskuren, amma ta basu ikon yafe latti in adalci ya buƙaci haka, akwai gurbi a fom ɗin da ake bayanin dalilin jinkiri, kar a barshi fayau, a faɗi gaskiya: ya dawo ya kama neman abinci, bai san akwai hanya ba, takardar kaza sai bana aka same ta. Farar hula ne manyan ma'aikata suke zama, yawanci su uku, kuma da wuya su kira mutum gabansu, abinda ke cikin ambulan shine bakinku. A gurbin abinda ake so a gyara a rubuta shi ƙarara, DFC saboda aikin ranar kaza a wuri kaza, banda "duk lambar da ta dace". Zasu nemi ra'ayin ofishin lambobi, su aiko muku kwafi, kuna da kwana 30 ku maida martani. Mutane da yawa suna ganin ra'ayin yace a ƙi sai su ɗauka shikenan an gama, alhali ba hukuncin bane, wannan kwana talatin ɗin shine damarku mafi girma, a bi shi layi-layi a amsa da takarda. Doka ta basu wata 10 su gama yawancin ƙararraki, 18 a mafi tsawo, don haka a rubuta shekarun Baba ɓaro-ɓaro a shafin farko a roƙi a gaggauta, ofishin ɗan majalisar ma ya tuna musu. In sun ƙi, sabuwar hujja tana sake buɗe magana. In kuma ta Allah ta kasance kafin a gama, 'yarsa zata iya ci gaba a madadinsa da shaidar rasuwa da ta dangantaka.

Kar kiga kamar ina kashe muku gwiwa, ana cin nasara, sai dai mai haƙuri ne ke dafa dutsen. Akwai matuƙa da yaran jirgin Amurka da suka faɗa Suwizalan a yaƙin, waɗanda suka yi yunƙurin gudu aka kulle su a wani mugun sansani mai suna Wauwilermoos. Shekara da shekaru ana hana su lambar fursunan yaƙi akan cewa Suwizalan ba abokiyar gaba bace. Jikan ɗaya daga cikinsu, Dwight Mears, shima hafsan soja, ya shafe shekaru yana tono takardu har majalisa ta gyara dokar, a Afrilu 2014 aka kira takwas daga cikin waɗanda suka rage aka maƙala musu a Pentagon, sama da mutum 140 aka amince ma gaba ɗaya. Da a Ingila ne ma da babu wannan zancen, su tun 1950 suka rufe duba lambobin jarumta na wancan yaƙin, mutanen jiragen bam ɗinsu da suka rasa 55,573 sai 2013 aka basu ɗan ƙarfen shaida na musamman da ake maƙalawa jikin minda.

Tunda za a buɗe fayil ɗin, a duba sauran haƙƙinsa a tafiya ɗaya. In ɓaraguzan igwa sun taɓa shi ranar har likitan soja ya duba shi, Purple Heart bata da wa'adi, shaidar asibiti kawai take so, kuma akwai bayanan kwantar da sojoji a asibiti na shekarun yaƙin da basu ƙone ba. In ya kai hari a Faransa, misali lokacin saukar kudancin ƙasar a Agusta 1944 da jiragen Amurka da ke Italiya suka taya, gwamnatin Faransa tana ba waɗanda suka yi yaƙin 'yanto ta babbar lambarta, amma mai rai kawai ake ba, ta ƙaramin ofishin jakadancinsu ake nema.

Abu ɗaya da ya shafe ki ke kanki: ma'aikaciya ce ke a gidan, kar ki sa hannu a madadinsa, kar ki fitar da takardunsa na asali daga gidan, kuma ko 'yar ma kwafi zata riƙa aikawa, na asali su zauna a akwati. In kin samo lambarsa ta soja da lambar rundunarsa, kar ki rubuta su a fili, ki ba 'yar tasa tayi min magana ta gefe in nuna mata yadda ake duba katunan. Ki gaida min Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.